Launin Jirgin da Kawu Bai Gani Ba

Jirgin ya wuce ta kan garinmu Isa da rani, Turawa na gab da tafiya. Mun saba da masu farfela, masu gurnani kamar kurar shanu. Wannan ba shi da farfela. Sai ya wuce kana a ji ƙararsa, ya bar farin layi a sama.

Ni masassaƙi ne, turmi da ƙotar fartanya. Sanƙarau ya kwashe gidanmu ina ƙarami, Kawu ya ɗauke ni. Marini ne, ya tsufa a bakin karofi, har idonsa ya mutu. Tun da ya makance ya shige ɗaki. Magana sai dole, tuwo loma biyu ya ture. Ina kallonsa yana ƙarewa.

Ran da ya ji ƙarar nan ya kira ni.

"Kai, mine ne wanga?"

"Jirgi ne, Kawu, sabon iri."

"Yaya yake?"

Ban iya bayani ba. Na samo icce mai taushi, na sassaƙa shi gwargwadon abin da na hango, tsawon kamu ɗaya, na sa masa a hannu. Ya shafa hanci, ya shafa fukafukai. Sai ya ce, "Wane launi?"

Na ce baƙi na gani.

"Baƙin shuni ko baƙin tukunya?"

Ya mayar mini da iccen.

"To ba ka gama ba. Tafi ka nemo."

Ranar ya cinye tuwonsa. Abin da ya sa na ɗauki zancen da gaske ke nan.

Duk ran kasuwa ina tambaya. Wani makiyayi daga Kurawa ya ce fari ne kamar balbela. Wata mai daddawa daga Tsamaye ta rantse ja ne kamar garwashi. Wani ya ce shuɗi. Ina kai wa Kawu, yana tsaki, amma yana zaune, ba kwance ba. Na so in zaɓi ɗaya in shafa in huta. Na san zai tambaye ni wa ya gani, kuma ban taɓa yi masa ƙarya ta tsaya ba.

Mutum ɗaya ne ya taɓa ganin irinsa a ƙasa, wani Bayarabe direban lori da ke kwasar gyaɗa, yana zuwa har Kano, inda filin jirgi yake. Matsalar ita ce mu Gobirawa da su abokan wasa ne. Yana da izinin ya yi mini ƙarya, ni ma haka.

"Bawana," ya ce da na same shi a kasuwa, "yau kuma me ka zo roƙo?"

"Ubangidanka ne ya zo. Jirgin nan wane fenti gare shi?"

"Ba shi da fenti. Tsirara yake, kamar Bagobiri ran wanka."

"Kai mai cin barkono, da gaske nike."

"Gwangwani ne, na ce maka! An goge shi kawai."

Mutane sunka yi dariya, ni na tafi da haushi. Ina Bature zai kashe dukiya haka ya bar ta ba fenti? Na faɗa wa Kawu don shi ma ya yi dariya. Bai yi ba.

"Mai shanun nan, yaushe ya gane shi?"

"Da hantsi."

"Matar fa?"

"Gab da magariba."

"Kai kuma kana fuskantar rana." Ya daɗe yana murza gemu. "Rawanin shuni da anka buga da kyau haka yake yi. A inuwa baƙi, a rana ya koma wani abu. Abin da ke ƙyalli ba shi da launi nasa, na sama yake ara. Bayaraben nan yau ya yi kuskure ya faɗi gaskiya."

Na sayi garwar kananzir, na yanka, na lulluɓe iccen da ita, na kafe da ƙananan ƙusoshi. Na goge da toka da rairayi har ina ganin tsagen fuskata a ciki. Ban shafa komai ba.

Kawu ya karɓa ya ce a fid da shi waje. Rabonsa da ƙofar gida an daɗe. Ya zauna kan tabarma, jirgin a cinya, duk wanda ya gitta sai ya ɗaga masa.

"Ke, ɗiyar nan, wane launi yake yanzu?"

In an ce fari, ya ce ba ku iya kallo ba, farin madara ko farin toka? Sai an tsaya an duba da kyau. Da haka ya koma hira da mutane, ya koma faɗa, ya koma ci. Direban ma ya zo, sunka zagi juna har la'asar.

Ya ga damina biyu bayan nan, kana ya rasu. Jirgin tsatsa ta ci shi. Har yau ban ga na gaske a ƙasa ba, don haka ba zan rantse a kan launinsa ba.

Yanzu ina Sabon Birni wurin ɗiyata. Na aje gizago, hannu ya ƙi.