Gadar Baba Idi

Ina tankaɗen gari da hantsi maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Yaya Rakiya, Baba Idi kafinta ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A ƙafa ya zo Makka ta Sudan tun muna yara. Ya tarar da kwarin da ruwan ambaliya ke bi ya raba unguwarmu ta Nakkasa da hanyar Harami. Katako a garin nan tsada gare shi, sai ya riƙa tsintar akwatunan kaya daga Jidda har ya haɗa gada, ya yi mata rumfa don mata masu ɗebo ruwa su sha inuwa. Kowace Juma'a yakan bi ta da guduma. Yakan ce, "Katako ba ya ƙarya. In ya gaji, kuka yake yi." Yakan kuma ce, "Wanda ya ji kukan ya wuce, shi ya karya shi."

Da ciwo ya kwantar da shi bana, 'ya'yana Sule da Hamza suka samu aikin kafa tantuna a Mina. Suka zare dirkokin rumfar da katako biyu na gindi, suka tafi da su wurin aikin, wai aro ne, bayan hajji za su mayar. Ba su mayar ba. Kullum yana tambaya, "Yaya gada?" Masu dubiya na cewa lafiya lau.

Ranar jana'iza masu makara suka taka bakin gadar, ta yi kuka, suka ja da baya. Ta cikin kwarin aka gangara da shi, cikin shara da duwatsu, makara na karkacewa. Matarsa Inna Hajara tana tsaye daga sama. Ta dube ni ta ce, "Rakiya, ashe kowa ta ɗauka ban da shi?"

Ban iya ɗaga kai ba. Ni na haifi waɗanda suka zare katakon.

Na ce musu, "Ba ku ƙara cin tuwona sai gadar nan ta tsaya." Sule ya ce, "Umma, ai aro..." Na ce, "Rufa min baki! Aron da mai shi ya mutu bai gani ba, sata ce." Da gudumar Baba Idi suka mayar da komai, suka sake rumfar. Jiya Inna Hajara ta haye gadar.

Allah Ya jiƙan Baba Idi, Ya yafe masa. Yadda ya haye da mu, Ya haye da shi Siraɗi lafiya. Allah Ya ba Inna Hajara da zuriyarsa haƙuri, mu kuma Ya shirya mana 'ya'yanmu. Amin.