Malama Habsatu, Wadda Ta Kwance Ƙafar Najaha

Ranar Litinin, tara ga watan Satumba na 2024, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Malama Habsatu Inusa a gidanta da ke nan Matameye, bayan jinyar kwana huɗu. Ta rasu tana da shekara hamsin da takwas. Na Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Gari ya san ta da koyar da ajin ƙananan yara, 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, suna kiran ta Madam. Ni ta wata hanya na san ta, kuma ita nake so in rubuta tun ina tunawa daki-daki.

Malama, ranar da kika fara shigowa gidanmu, shekara shida ke nan, kin tarar da ɗiyata Najaha ɗaure a turken rumfa da tsohon zane a ƙafa. Ni na ɗaure ta. Ban taɓa faɗin wannan a gaban jama'a ba sai yau. Shekararta uku a lokacin. Ba ta magana, ba ta waiwayowa in an kira sunanta, ba ta kallon idon kowa, har ni da na haife ta. Da ta ga ƙofa a buɗe sai ta fita da gudu, ba ta tsoron mota, ba ta tsoron rijiya. Maigidana yana Kano cin rani, ga girki, ga goyo a bayana. Maƙwabta suka ce kurma ce, wasu suka ce iska ce ta shafe ta tun tana ciki. Dangin maigidana har sun sa ranar da za a kai ta wani ƙauye wajen mai magani, a bar ta can sai ta warke. Na ji yadda ake tsare irinta a can, amma ban san abin da zan ce in hana ba.

Man gyaɗa kika zo saye. Ba ki ce mini komai a kan zanen ba. Kika ajiye kwalbarki, kika zauna a ƙasa ɗan nesa da ita, kina kallon yadda take jera ƙananan duwatsu a layi ɗaya. Kika kira sunanta sau biyu, ba ta motsa ba. Sai kika zaro alewa a jakarki, kika murza ledarta a hankali ta bayanta. Nan take ta juyo.

"Rashida, ɗiyarki tana ji," kika ce. "Wataƙila ma ta fi mu ji."

Daga nan kika shiga yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini. Tana nuna abu da yatsa? Tana kawo miki abin wasa don ki gani? Yaya take yi in an tada injin niƙa? Na ce ba ta nuni, hannuna take ja ta ɗora a kan randa in tana jin ƙishi. Na ce injin maƙwabtanmu yana tashi take toshe kunne tana ihu, kuma tuwo take ci gaya, in miya ta taɓa shi ta bar shi ke nan. Kina gyaɗa kai kamar kin riga kin san amsoshin. Kafin ki tafi kika sa aka kira kafinta ya ɗaga sakatar ƙofarmu inda hannun Najaha ba ya kaiwa, sannan kika kwance zanen da kanki, kika ninke, kika miƙo mini.

Kin ce ke ba likita ba ce, don haka kika raka mu asibitin Damagaram. Likitan ya daɗe yana kallon ta yana yi mana tambayoyi, daga baya ya ce abin da ke gare ta otizim ake kiran sa. A mota, da muna dawowa, kika warware mini da Hausar da zan gane. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarta, ba abin da na ci ba ne, ba inda na taka ba ne. Ƙara da haske da cunkoso suna yi mata yawa, magana kuma tana yi mata wuyar kamawa. Na yi kuka tun daga tasha har muka yi nisa, kika bar ni na yi.

Da maigidana ya dawo noman damina kika same shi a zaure. Ya ce, "Malama, za ta warke?"

Kika ce, "Ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani ya tafi. Amma za ta koyi abubuwa da yawa, in mun koyi yadda za mu koya mata. A gidanku za ta koya, ba a hannun baƙo ba."

Washegari ya je ya faɗa wa danginsa ba inda za a kai ta.

Kin yanko kwali kin zana mata kofi, da buta, da kwanon tuwo, don ta riƙa nuna abin da take so. Wata biyu tana jefar da su. Ran da ta ɗauko hoton kofi ta sa mini a hannu, ban tsaya yafa mayafi sosai ba na nufi gidanki. Kina da faɗa, Malama, ban manta ba. Kin sha tsawata mini saboda gaggawa. "Kin tambaye ta, ki jira mana. Ki ƙirga goma a ranki kafin ki sake." Duk wanda ya kira irin waɗannan yara mahaukata a gabanki kuwa, ko Alhaji ne, sai ya ji abin da bai so ba.

Sai da muka shekara biyu kafin ki gaya mini dalilin da ya sa kika damu da irin waɗannan yara. Kina da ƙane, Nasiru, wanda yake kamar Najaha. Ke ce mai renonsa. Wata damina, yana shekara bakwai, ya sulale ya faɗa tafkin bayan gari, a nan ya rasu. Ba ki ji sunan abin da ke gare shi ba sai da kika haura shekara arba'in, a wani horon malamai, kika ce ranar kin kasa cin abinci. Ba ki ƙara tada maganar ba, ni ma ban tada ba.

Daga baya tsakar gidanki ya zama wurin zamanmu duk Alhamis da hantsi lokacin hutu, da yamma in ana lakwal. Mata masu irin waɗannan yara suna zuwa daga Kance, daga Yauri, har daga Kurni a bayan babur. Ba ki taɓa yi wa uwa alkawarin ɗanta zai yi magana ba, kuma akwai waɗanda ba su yi ba har yau. Amma ba wadda ta koma gida tana jin ita kaɗai ce.

Najaha shekararta tara yanzu. Tana wanka da kanta, tana zaman aji zuwa tsakar rana, tana magana gajeru-gajeru. Har yanzu ba ta shiga kasuwa. Alhamis ɗin da ta biyo bayan rasuwarki ta sa takalmi ta tsaya a bakin ƙofa. Na so in ce mata kin yi tafiya, sai na ga in na faɗi haka za ta jira ki. Na durƙusa na ce, "Malama ta rasu. Ba za ta dawo ba." Ta maimaita yadda na faɗa, da muryata. Ta daɗe a tsaye, sannan ta cire takalmin ta jera su a gefen ƙofa. Ban san iyakar abin da ta fahimta ba. Yinin ranar dai a jikina ta yi shi, abin da ba ta saba ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Hamisu, da 'ya'yanki Sadiyya da Marwan, da 'yan'uwanki, da iyayen yaran da kika riƙe. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Ya Allah, Ka gafarta wa Habsatu, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta tausaya wa bayinKa da ba sa iya faɗin abin da ke damun su, Kai ma Ka tausaya mata ranar da baki ba zai yi magana ba. Ka sa Aljanna Firdausi ta zama gidanta. Amin.

Rashida Abdurrazak, Matameye