Ranar da Na Goge Kyalle

Akwai wata ranar Laraba da har yau ba ta fita raina ba, ranar da kwamitin tace shirye-shirye ya zauna a kan katun ɗinmu. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna ganin Talatu da magenta a talabijin, kuna zaton haka aka halicce ta. To, da kare na zana ta.

A lokacin ni ne babban mai zane a ƙaramin sutudiyonmu na Tudun Wada. Sama da ni akwai darakta, Malam Sabo, sai Madam Chinyere mai kula da sauti. Ga wanda bai san aikin ba: murya ake fara ɗauka, sannan mai zane ya bi ta, ya daidaita motsin baki da na hannu, zane bayan zane. Kowane abu kuma da shafinsa a kwamfuta, yarinya daban, kare daban, gida daban.

Da gangan na zaɓi sunan Talatu, don ana sa shi a gidan Musulmi, ana sa shi a gidan Kirista. Muryarta kuwa ta Hauwa ce, 'yar shekara tara daga unguwar Malam Inna, wadda babanta yake gadin wani shagon katako da karensa Kyalle. Yarinyar nan in ka ajiye ta gaban makirfo sai ta daskare kamar an kai ta allura. Madam Chinyere ce ta gano maganinta. Ta sa aka riƙa kawo Kyalle ana ɗaure shi a tsakar gida, daidai taga. Da Hauwa ta hango shi sai baki ya buɗe, dariya ta yi ta zuba. Duk dariyar da ke kashi goma sha uku na farko, da shi take yi. Ni ma shi na zauna na zana, har da ɓallin farin da ke goshinsa.

Ƙa'ida ce kafin tasha ta saka shirin yara sai kwamiti ya kalla ya sa hannu. Muka kai musu. Suka yi dariya, wallahi na ga haƙoransu. Ana kunna fitila sai shugabansu, wani Alhaji mai farin gilashi, ya gyara zama.

"Malam Sabo, Talatun nan 'yar gidan wa ce? Na ga kallabi a kanta, na kuma ga kare yana lasar hannunta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yar mai gadi ce. Kare na gadi ai ba baƙo ba ne a garin nan."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ni ba ni da matsala. Mutane nake gudu."

Malam Sabo, wanda a sutudiyo yake rantsuwa Kyalle ne ran shirin, nan take ya kawo shawara: a cire mata kallabi, a sauya mata suna zuwa na coci, kare ya zauna. Madam Chinyere ta ajiye bironta.

"Oga, wato mu ne masu kare ke nan? Shekara ashirin ina Gombe, ko kaza ban ajiye ba."

Sai wata mamba ta ce, "A mayar da shi mage mana, kowa ya huta." Kowa ya gyaɗa kai, aka sa hannu, aka kawo lemo.

Wata bakwai na yi ina zana karen nan. Da latsa ɗaya na ɓoye shafinsa, ya ɓace daga kashi goma sha uku gaba ɗaya. Sai ga Talatu tana shafa iska, tana jefa sanda babu mai ɗaukowa. Na daɗe ina kallon wannan, raina a ɓace, har Madam ta zo ta kashe allon.

Saura murya, don a kowane kashi tana kiran sunansa. Aka aika wa Hauwa ta zo, aka ce kada a kawo Kyalle. Malam Sabo ya tuna yana da taro, ya bar ni da bayani. Ta shigo tana leƙen taga.

"Kawu, yau ba a ɗauko shi ba?"

Na ce an ɗan sauya labarin, yanzu mage gare ta.

"Cizo ya yi a ciki?"

"A'a."

"To me ya yi?"

Ni da nake da bakin yi wa kwamiti gardama, sai kawai na miƙa mata takarda. Ta karɓi takarda, ta karanta layinta tsaf, babu kuskure ko ɗaya, babu kuma dariya. Da aka zo wurin dariyar sai ta ce, "Ku sa ta da." Haka aka yi. Madam ta yanko tsohuwar dariyar, ta goge haushin da ke bayanta, ta liƙa. Da aka nemi Hauwa a zango na biyu, babanta ya ce ta ce ba ta so.

Abin da na koya ke nan a aikinmu: da wuya ka ji wanda zai ce shi ne ba ya son abu. Kowa cewa yake mutane yake gudu, mutanen kuma ban taɓa ganin fuskarsu ba. Fuskar da na gani ta Hauwa ce. Ni ma fa ban fita daga laifi ba, don hannuna ne ya latsa.

Ana yabon shirin har gobe, an ce yara suna son yadda Talatu take dariya da magenta. Ni dai in an zo wurin nan tashi nake in bar ɗakin, don na san da wa take dariyar.