Igiyar da Ba Ta Tsukewa

Shekara shida na yi ina dafa wa wani likitan dabbobi abinci a daji, tun yankin nan namu bai san za a kawo masa babban birnin tarayya ba. Aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura, namu aikin mu bi shi. Mu uku ne: direban jif, da ni kuku, da wani dattijo mai kula da tanti. Likitan Oga muke ce masa, dattijon kuma Baba. Bagware ne daga wani ƙauye can wajen Uke, ya riga mu duka shiga aikin, don ya kafa wa Turawa biyu tanti kafin a ba Oga kujerar. Ni kuwa Malam suke ce mini saboda na gama firamare, ko da yake a bakin direba ba girmamawa ba ce.

Baba ya san tanti kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Da mun sauka zai dubi ƙasa ya gane inda ruwa yake bi, ya haƙa ɗan rami ya kewaye tantin, ya barbaɗa toka saboda kwarkwasa. Da hadari ya haɗo kuma, ko abinci yake ci zai ajiye ya zagaya yana sassauta igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Igiyar rama da zanen tanti idan sun sha ruwa tsukewa suke yi, in ba a sassauta ba su tumɓuke turaku ko su yage zanen. Yakan ce, da irin Hausarsa, "Ruwa tana zuwa, a ba tanti numfashi."

Wata shekara dab da damina Oga ya sayi tirela a hannun wani Baturen injiniya da zai koma gida. Akwati ce mai taya biyu da ake ɗaura wa jif a baya. In an ɗaga murfin, gefe biyu su buɗe su zama gadaje, ƙarafa uku masu lanƙwasa kamar baka su miƙe da zane a kansu, sai ga ɗaki a kan taya. Ranar da aka kawo ta Oga ya tara mu, ya bubbuga murfin.

"Wannan ba ta bukatar mai tanti," in ji shi. Ya dubi Baba. "Za ka bi mu wannan rangadin. In ka iya ta, ka zauna. In ba ka iya ba, ka koma ka noma doya."

Baba ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ba shi da gona a ƙauyen nan, duk mun sani. Ƙannensa sun raba tun yana bin Turawa.

Zangonmu na farko a bayan Abaji ne, kusa da wani rafi. Muka buɗe ta, Oga ya ce kowa ya ja baya shi zai fara shiga. Yana taka ƙofar baya, sai gaban ya ɗaga sama kamar jaki ya ƙi kaya, Oga ya zube a ƙasa rigingine. Direba ya cusa hularsa a baki. Oga ya tashi yana kakkaɓe wando, ya ce wa Baba, "Kana tsaye kamar turmi, ba za ka riƙe ba?" Baba ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya gano wasu ƙananan ƙafafun ƙarfe huɗu a naɗe, ya sauke su.

Sai ƙofa ta ƙi rufuwa. Oga ya ce direba ya kawo guduma. Baba ya ce a ɗan dakata, ya karɓi tasa a wurina, ya zuba ruwa, ya ajiye a tsakiyar ɗakin. Ruwan ya karkata gefe guda. Ya riƙa murɗa ƙafafun nan yana dawowa yana duba tasar, har ruwan ya kwanta daidai. Ƙofa ta rufu da kanta.

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Oga.

Washegari kwarkwasa ta hau ta ƙafafun. Baba ya sa kowace ƙafa a cikin gwangwani, ya zuba kananzir. Kwana uku ba a yi ba ya fi kowa sanin tirelar, ni kuma hankalina ya fara kwanciya game da shi.

Amma ni mutum ne da hankalinsa ba ya daɗewa a kwance. Nakan kashe risho in koma in duba sau uku. Ina wanke kwanuka idona ya tsaya a kan igiyoyin da suke ɗame zanen tirelar. Ba rama ba ce. Farare ne masu sheƙi da santsi, irin na roba. Akwai guda a ajiye a cikin akwatin kayan gyara. Na ɗauko ta da tsakar rana ba wanda ya gani, na auna da taƙi, na jiƙa ta a bokiti har na gama dafa shinkafa, na sake aunawa. Ba ta ragu ko da faɗin yatsa ba. Na sake jiƙawa, don ban yarda da hannuna ba. Haka dai. Sannan na lura da rufin. Na tanti a tsaye yake, ruwa ya zo ya wuce. Na tirelar kusan a kwance yake, ko raɓar safe takan taru inda zanen ya ɗan saki. Na gane cewa idan aka sassauta igiyoyin nan ruwa ya sauka, rufin zai zama tafki.

Abin da ya rage in gaya wa Baba. A nan na tsaya.

Baba sa'an mahaifina ne. A inda na tashi, ƙarami ba ya duban babba ya ce masa ka yi kuskure a sana'arka. Sai dai a kewaya, a kawo labarin wani, a bar shi ya gano da kansa. Na nemi labarin da zan kawo na rasa. Kuma in direba ya ji, kafin la'asar Oga ya ji cewa kuku ne yake koya wa mai tanti aiki, wannan kaɗai ya isa a sallame shi. Kuma in ni ne ban gane ba fa? In na ce a bar su a ɗame, ruwa ya zo zanen ya yage, wa za a kama? Kwana huɗu ina juya maganar. Ina yanka albasa ina shirya ta, ina salla tana shigo mini, har sai na yi ƙabli da ba'adi.

Sau ɗaya na gwada. Na kai masa shayi, na tsuguna, na ce, "Baba, igiyar nan kamar daban take."

"Daban ne, Malam. Santsi gare shi, ƙulli ba ya kamawa."

"Haka ne," na ce. Na tashi na koma kicin, ina gaya wa kaina cewa na fara, gobe zan ƙarasa.

Ran na biyar bayan azahar Oga da direba suna ruga, hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Baba ya ajiye garin da yake sha ya miƙe. Ina tsaye da ludayi a hannu ina kallonsa yana bin igiyoyin.

"Baba, ko a bari Oga ya dawo?"

"Ruwa ba ta jiran Oga. Zo riƙe mini nan."

Na je na riƙe. Da hannuna na riƙe masa ya kwance ƙullin ya saki igiyar kamar taƙi guda. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a rumfar kicin. Ina ganin rufin ya fara sauka tsakanin ƙarfe da ƙarfe, yana cika yana nauyi kamar cikin saniya mai shirin haihuwa. Baba ya gani. Ya ɗauki muciyata ya ruga ciki yana tokare zanen daga ƙasa, ya ture ruwan nan ya koma can, ya bi shi can ya dawo nan. Na shiga na sa kafaɗa. Sai muka ji ƙarfen tsakiya ya yi ƙara ya lanƙwashe, ɗinkin zanen ya tsage, ruwan ya zubo gaba ɗaya a kan katifa da rediyo da kwat ɗin Oga da ke rataye.

Da ruwa ya ɗauke sai ga jif. Ba su kaɗai ba ne. Oga ya ɗauko Arɗon rugar da wasu dattawa biyu, ya zo ya nuna musu gidansa mai tafiya. Suka fito suka tsaya. Arɗo ya jingina da sandarsa ya duba sama da ƙasa, ya ce cikin ladabi, "Likita, ai ko bukkarmu takan yi haka wani lokaci."

Da Arɗo ya yi dariya da ya fi sauƙi. Oga ya zagaya, ya taɓa igiya ɗaya ya ji ta a sake.

"Wa ya kwance wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ruwa in tana zuwa..."

"Tana zuwa," in ji direba, yana kwaikwayon muryarsa. "Ta zo kuwa, Baba. Har ta kwanta a gadon Oga."

Na ga laifin duka zai hau kan mutum ɗaya, alhali na san nawa ya fi. Na ce a raina in na faɗi gaskiya za a raba mana. Na matso na ce, "Oga, ni ma da laifina. Na san igiyar nan ba ta tsukewa. Na jiƙa ta na auna."

Oga ya juyo a hankali. Na zaci mari ne. Sai na ga yana murmushi.

"Arɗo, ka ji? Mai dafa mini shinkafa ya sani. Wannan kuwa gashinsa ya yi fari a gindin tanti, bai kai kuku ba." Ya nuna wa Baba ƙarfen da ya lanƙwashe. "Tunda kai ka karya ginshiƙin, shiga ka zama ginshiƙi."

Ya sa Baba ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu sama da kansa, wai don zanen ya tsane. Ya sa na kawo kujeru na dafa wa baƙi shayi. Suna zaune a waje suna sha, Oga yana ba su labarin yadda Turawa suke yawo da irin wannan a ƙasarsu, Baba yana tsaye a ciki ruwa yana bin hannunsa yana shiga hammata. Dattawan Fulanin suka kasa sha. Ɗayansu ya ce, "Likita, a bar tsohon nan haka." Oga ya ce, "Ya saba, aikinsa ne." Sai da hannuwansa suka fara karkarwa ƙarfen yana bugun murfi, sannan aka ce ya sauke.

Da na shiga kwashe katifa, Baba ya tambaye ni a hankali, ba tare da ya dube ni ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana huɗu, Baba."

"Kwana huɗu." Ya gyaɗa kai. "Kana kawo mini shayi."

Da safe Oga ya sallame shi. Ya ce daga yau tirela tana hannun Malam, tunda Malam mai bincike ne. Baba ya ɗaure tabarmarsa da 'yar jakarsa. Daga nan zuwa ƙauyensu tafiyar kwanaki ce, ga rafuka sun fara kawowa. Na ƙulla masa gari da ƙuli-ƙuli da sauran naman jiya, na bi shi har bakin hanya.

"Baba, ga guzuri."

Ya dubi ƙullin, ya dube ni. "Ajiye, Malam. Kai ka iya ajiya."

Wajen hantsi muka naɗe tirelar muka tashi, don Oga yana son maƙeri ya miƙe masa ƙarfen a Abaji. Ba mu yi nisa ba muka hango Baba a gaba, kayansa a kafaɗa. Wurin zamansa yana nan kusa da ni a bayan jif, an ɗora kwandon tukwane a kai. Direba ya ɗan rage gudu ya dubi Oga.

"Na ce ka tsaya?"

Hanyar ƙarama ce, tirelar kuma ta fi jif faɗi. Direba ya danna hon. Baba ya waiwayo, ya ga ba za mu wuce ba sai ya kauce, ya sauka cikin kwatar gefen hanya, jan ruwa ya kai masa gwiwa. Ya ɗaga tabarmarsa sama kada ta jiƙe, ya tsaya yana jira mu wuce. Na riƙe kwandon tukwanen da hannu biyu don kada su yi ƙara su dami Oga.