Tsoho Mai Rawayar Hula da Ya Ci Hantar Baba

Baba bai mutu ba, bari in fara da wannan kafin wani ya turo min ta'aziyya. Yana nan da ransa. Sai dai hantarsa ba ta ƙara komawa daidai ba, kuma Iya, kakata, ta tattara kayanta ta koma gida, ba mu ƙara jin tatsuniya daga bakinta ba. Duk a kan wata 'yar ciyawa da ko gwiwata ba ta kai ba.

Abin da ya tayar min da maganar, yau na yi passing ɗin practical, jama'a! Eh, ni ɗin, da furfura a gemu na koma makarantar koyon aikin lambu, ku yi dariyarku. An jera mana tsirrai a tebur a ce mu faɗi sunan kowanne. Ina zuwa kan na ƙarshe na gan ta zaune a tukunya kamar mutuniyar kirki. Ciyawar nan ce, groundsel da Turanci. Ko numfashi ban ja ba na faɗa. Na fito ina tsalle, ina shiga tube, jirgin ƙasan Landan, murnar ta juye ta koma haushi, shi ne nake ta danna wayar nan.

Farkon shekarun casa'in muna unguwar Dagenham a Landan, gidan haya na council, wato ƙaramar hukuma, mai ɗan fili a baya. Ina ɗan shekara tara, ƙanwata Ummi tana shida. Baba na karatu a jami'a a unguwar Bloomsbury, Mama na fita aiki, Iya kuma ta zo daga ƙauyenmu na wajen Dambatta don ta riƙe mu. Wutar hirarmu hitar gas ce mai ido uku, ɗaya ma ya mutu. Lokacin sanyi ƙarfe huɗu duhu ya rufe, ana idar da magariba Iya za ta miƙe ƙafa gaban hitar, safa biyu-biyu, tana ɓare gyaɗa, tana ƙamshin man zafi. Ita Hausa, mu Turanci.

"Angona, matso nan."

"I'm not your husband, Iya!"

"Au, sakin ma da Turanci za ka yi min? To bai saku ba, ban ji ba."

Amma ku riƙe wannan. Mama 'yar fari ce, Iya ba ta faɗin sunanta, balle na mijinta. In Baba ya shigo, daga bakin ƙofa zai durƙusa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Shekara biyu gida ɗaya, banɗaki ɗaya, ba su taɓa haɗa ido ba. "Mai gidan nan" take ce masa.

To mai gidan nan yana fama da basir, zaman laburare. Wata rana da bazara ya ga ciyawar a bayan gida, ya ce ai ita ce wadda mahaifiyarsa ke jiƙa musu suna yara, ga ganyen nan yage-yage, ga ɗaci. Ba ita ba ce, kama ce kawai. Ya tsinko ya shanya a kan radiator, ƙarfen ɗumama ɗaki, kullum da safe ya dafa ya cika filas ya tafi makaranta.

Iya ta murza ganyen ta shinshina, ta ce ita dai ba ta san shi ba. Maƙwabciyarmu Doreen, wata tsohuwar Baturiya da ta tashi cikin masu kiwon dawaki, ita ta ga Baba yana tsinka. Ta yafito Iya ta kan shinge. Ba mai jin yaren wata. Doreen ta nuna ciyawar, ta daki ƙasan haƙarƙarinta na dama, ta ja fatar idonta ƙasa, ta langaɓar da kai ta zaro harshe. Iya ta gane tsaf. Ta faɗa wa Mama, Mama ta faɗa wa Baba, Baba ya yi dariya.

"Bature komai guba ne a wurinsa. Mutanen da ke gudun barkono?"

Iya ta fita ta tuge ciyawar kaf ta tara a gindin shinge. Ashe ta riga ta yi fure, a tsibin nan ta ƙarasa 'ya'yanta, iska ta kwashe. Kafin wata biyu filin ya fi da cika. Baba ya ce, kun ga albarka.

Sanyi na shigowa idonsa ya fara rawaya. Abokansa suka ce shawara ce, kuma maganin shawara ɗaci. Wallahi sai ya koma filas biyu. Ya je wurin GP, likitan unguwa, aka tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce a'a. A wurinsa shayi ne.

A nan Iya ta sauya wurin zama. Ta ja darduma kusa da ƙofar ɗan ɗakin da Baba ke karatu, ta ce Ummi ta bar ƙofar a buɗe "don ɗumi ya shiga". Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan ta taso, ku tare ta."

Wai wani matafiyi ne mai ilimi ya je garin da rana ke kwanciya tun la'asar. Kewar gida ta dame shi. A bayan ɗakinsa ya tarar da wani ɗan guntun tsoho, rigarsa yage-yage, hularsa rawaya, matsattsiya, da ɗigon baƙi a gefenta, kuma ba ya cire ta ko an yi masa sallama. Matafiyi ya ce, kai, ka yi kama da kawuna. Tsoho ya ce ai ni ne. Ya shigar da shi gida. Tsoho ya ce ba ya son tabarma, ba ya son tuwo, a dai ba shi ɗan lungu a ƙarƙashin haƙarƙari. Kullum sai ya gutsuri kaɗan, ba zafi, ba ƙara. Ran da ya ƙoshi ya cire hula, sai ga kai fari fat. Iska ta busa, gashin ya watse, kowane sili ya faɗi ya zama wani tsohon.

"Matafiyin fa?" in ji Ummi da Turanci. "Ya mutu?"

"Ban sani ba tukuna," in ji Iya, tana kallon ƙofar.

Washegari ita ta sake. Jibi ma ita. Kun san me na ce? Na ce, "Iya, boring, kin yi wannan jiya." Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Shi kuwa Baba tasowa ya yi ya tura ƙofar, wai yana karatu. Daga baya da bakinsa ya ce min ya gane tun ranar farko. Ya gane! Girman kai ne kawai, wai tsohuwar da ba ta san bihim ba za ta koya masa ganye.

Rana ta huɗu cikinsa ya kumbura har ruku'u ya gagara, a zaune ya yi magariba. Yana sallamewa ya ce Mama ta ɗora masa shayinsa. Kuma ta ɗora.

Iya ta miƙe, gyaɗa ta zube. Ta shiga kicin ta sauke tukunyar, ta taka har cikin ɗakin da ba ta taɓa sa ƙafa ba.

"Sabi'u!"

Sunan Baba ke nan, a bakin Iya.

"Sabi'u, ɗago ka dube ni. Ganyen nan ke cin ka. 'Yata ba za ta yi takaba a garin da ba ta da kowa ba saboda taurin kanka."

Ta juye tukunyar a sink, ta fita cikin sanyi ta tugo ɗaya har da saiwa, ta sa a leda ta miƙa wa Mama. Da ledar aka je asibiti. Likita na gani ya sauya fuska, aka ba Baba gado, ya yi makonni.

Kuma kun san me 'yan dubiya suka riƙa tattaunawa? Ba shayin ba. Wai tsohuwa ta kira sunan surukinta. Wai Landan ta cire mata kunya. Mtsw! Mutumin da ya kusa kashe kansa ana yi masa sannu, wadda ta cece shi ana yi da ita. Da aka sallamo Baba ya kasa ko tsayawa a bakin ƙofarta. Iya ta ce a mayar da ita gida, kuma ba wanda ya ce ta zauna.

Don haka ku duba bayan gidajenku. Gajeriya ce, ganyenta yage-yage mai ɗan kauri. Furenta 'yan ƙanana rawaya kamar hular da aka matse, ba ya buɗewa, ƙananan ganyen da ke rungume da shi bakinsu baƙi. Daga baya ya koma farar auduga. Ko da sanyi tana fure. Saiwarta ba zurfi, sa safar hannu ka tuge ta tun kafin fure, ƙananan kuma ka kankare da fartanya ranar da ƙasa ta bushe. In ta riga ta yi fure kar ka tara, kar ka sa a taki, ɗaure a leda sai bola. Ka rufe ƙasar da ɓawon itace mai kauri don 'ya'yan su kasa fitowa. Shanyawa ko dafawa ba sa kashe gubar, kuma a hankali take taruwa a hanta, shi ya sa mutum ke cewa ai na daɗe ina sha ban ga komai ba.

Na yi shekaru ina jin haushin ciyawar, amma ita halinta take yi. Yanzu watannin nan nake jin haushi, da manya uku, Iya da Mama da Baba kansa, suka san gaskiya ana ta zagaye. Ina son kunyarmu, da ita aka raine ni. Amma Iya ta san abin da kiran sunan nan zai ci mata, ta kira, mu kuma muka bar ta ta ɗauki nauyin ita kaɗai.

Don Allah ku tura wannan gaba, musamman ga iyayenmu masu shanya ganye a kan radiator. In akwai wanda ba za ku iya faɗa wa ido da ido ba, shi za ku fara tura wa.