Malam Muttalib da Faifan Aro

Ƙarfe bakwai da kwata Malam Abdulmuttalib ke turo besfarsa daga zauren gidansa a Turaki B. Sai ya buge ta sau uku take tashi, in ta kai na huɗu kuma sai ya haɗa mata da magana. A kafaɗarsa akwai jakar fata mai ɗauke da sukudireba huɗu, ɗan buroshin fenti, tocila, kwalin faifan kwamfuta da aka ɗaure da roba, da wani littafin rubutu irin na 'yan firamare wanda bangonsa ya gaji da duniya. Kafin ya gama gaisawa da masu gadin sakateriya, masinjan wani ofishi ya riga ya tare shi: kwamfutar Oga ta ƙi tashi. Haka ake yi tun da kwamfutoci suka fara shigowa ofisoshinmu. Kafin zuwansu, tafireta yake gyarawa, tun muna Gongola, tun ma ba a yi Gongolar ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shekara talatin da biyar cif, kuma har yau rabin waɗanda ya fitar da su kunya ba su san sunansa ba. Mai gyara kawai suke cewa.

Ba wanda ya tura shi kwas. An tura wasu Legas, sun yi wata uku, sun dawo da satifiket da sabon takalmi, amma da allo ya yi duhu su ne kan gaba wajen cigiyar Malam Muttalib, kamar yadda muke taƙaita sunan. Shi da furfurarsa ya zauna da littafin da ke zuwa cikin kwalin na'ura, da ƙamus, da tabarau mai ƙafa ɗaya, har ya gane kan abin. Ya kuma taho da wata al'ada daga zamanin tafireta: kowace kwamfuta tana da shafinta a littafin nan nasa. Ofishin da take, wanda ke aiki da ita, da sunan duk wani ƙarfe da ke cikinta. In ya gama rubutawa sai ya manna mata takarda a goshi, Hausa da Turanci, cewa kada a sa mata faifan aro.

To wa zai karanta? Mu da in maƙwabciya ta warke daga zazzaɓi muke zuwa mu karɓo ragowar maganinta, don abin da ya yi wa wani aiki ai zai yi mana? Da kwamfuta ta zo sai muka juya wannan zumuncin kanta. Bawan Allahn nan ya ga abubuwa. Ya ga wadda aka lulluɓe da leshin tebur aka ɗora mata tukunyar fure, ta yi zafi har ta suma. Ya ga sakataren da ya huda faifai da abin huda takarda, ya ɗaure shi cikin fayil don kada ya ɓata. Irin waɗannan yakan yi tsaki ne ya gyara ya wuce. Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne babba ya yi ɓarna da hannunsa, sannan a nemi wanda ya fi kowa rauni a ofis a rataya masa.

Abin da ya faru ke nan bara, wata Talata, a wani ofishi da ba sai mun faɗi sunansa ba. Alisabatu mai buga takardu ta shekara goma sha tara tana aiki, kuma ita kaɗai ke riƙe da 'ya'ya huɗu tun rasuwar mijinta. Ta shigo da safe ta danna kwamfuta kamar kullum. Farin rubutun farko ya fito, hoton gajimaren da take nunawa in za ta tashi ya fito, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Ta kashe ta kunna, haka. Kafin ƙarfe goma an gama shari'a: ita ke aiki da ita, ita ta kashe ta. Kwamfuta ɗaya tak ce a ofishin, zamani ne kuma da ake korar ma'aikaci da layi biyu. Darakta, Alhaji Jamil, ya sa mataimakinsa Mista Peter ya tsara takardar dakatarwa, ya ce in ya dawo daga mitin da ƙarfe biyu zai sa hannu. Abin da ya fi ƙona rai, Alisabatun aka miƙa wa takardar ta buga da kanta a tsohuwar tafireta, don duk ofishin ba wanda ya iya.

A haka Malam Muttalib ya iske ta. Ya kira ta da sunan babbar 'yarta, kamar yadda kowa ke yi.

"Maman Ƙauna, me kike bugawa haka kina share ido?"

"Baba, takardana ne. Sun ce ni na kashe shi. Allah ya sani danna shi kawai na yi."

Mista Peter ya fito daga ciki yana gyara taye. "Malam, kar ka wahal da kanka. Monita ɗin ya ƙone. Mun riga mun ce a share komai na cikinsa a kawo sabo."

Malam Muttalib ya cire hularsa ya ajiye kan tebur, wanda duk mai saninsa ya san alama ce ta ransa ya fara ɓaci. Ya ce kowa ya yi shiru, ya kunna, ya kasa kunne. Ƙara ɗaya ta yi, gajera, irin ta lafiyayya. Ya zagaya baya ya zare wayar allo ya duba haƙoranta, ba wanda ya lanƙwashe.

"Allon da ya ƙone ba ya nuna gajimare, Mista Peter. Wannan tana da rai. An ba ta abin da ba nata ba ne."

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Cikin kowace kwamfuta akwai wani kati da ke zana abin da ido ke gani a allo, shi kuma katin yana da ɗan shirinsa da ke yi masa tafinta da sauran na'urar. Masu sana'ar na kiran shirin direba. Ka ba kati direban da ba nasa ba, sai ya ruɗe ya rufe ido, alhali duk aikin da ke ciki yana nan lafiya. Da an share, da komai ya tafi, har da shaidar wanda ya yi ɓarnar.

Akwai ƙofar baya da ake shiga, amma sai ka danna maɓallin F8 daidai ƙiftawar ido kafin gajimare ya fito. Na farko ya kuskure, don Mista Peter na tsaye a kansa yana ba da labarin wani injiniya da ya sani a Kaduna. Malam Muttalib ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau har labarin ya mutu da kansa. A na biyu ya samu. Jerin rubutu ya fito, ya zaɓi layi na uku, wanda ke tayar da na'ura ba tare da kayan ƙawarta ba. Allo ya buɗe da manyan hotuna marasa kyan gani, launi duk ya koɗe, amma ya buɗe. Alisabatu ta bar tafireta ta matso, ta riƙe bayan kujera.

Ya buɗe jerin kayan cikin na'urar, ya buɗe littafinsa kusa da shi. Sunan katin da allo ya nuna daban, wanda ya rubuta da hannunsa daban. Bai yarda da kansa ba ma. Ya kwance murfi, ya haska tocila, ya karanta sunan a jikin katin harafi bayan harafi. Littafi ne mai gaskiya. Ya juya shafi huɗu, sai ga baƙon sunan a shafin kwamfutar ofishin sama. Ya cire baƙon direba, ya zaro faifan gaskiya daga kwalinsa ya sa, ya kashe ya kunna. Sha biyu da rabi kwamfuta ta tashi garau.

"Ka gani," in ji Mista Peter. "Da ma na san ƙaramin abu ne. Sai dai ta riƙa kula."

A nan aikin da gwamnati ta ɗauke shi dominsa ya ƙare. Wani da ya rufe jaka ya tafi cin abinci, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma Malam Muttalib ya san ofis fiye da yadda ya san kwamfuta. Ya san abin da za a gaya wa Darakta: ta ɓata, an gyara. Tashin na'ura bai wanke kowa ba, takarda kuma tana nan cikin fayil tana jiran biro. Sai ya gyara zama. Masinjoji biyu suka zo nemansa, ya ce su gaya wa iyayen gidansu yana jinya. Sallah kaɗai ta tashe shi, ita ma a baranda ya yi ta, ƙofar ofis na gabansa.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci Alhaji Jamil ya shigo.

"Ranka ya daɗe, na'ura ta tashi," in ji Malam Muttalib. "Amma kafin ka sa hannu a wani abu, taimaka ka karanta mini layin nan. Idona ya tsufa."

Darakta ya sunkuya ya karanta. "Litinin, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin."

"Lokacin da baƙon direba ya shigo cikinta ke nan. Ni na saita agogon, ba ya ƙarya. Jiya a wannan lokacin Maman Ƙauna tana ina?"

Ba sai an amsa ba. Darakta da bakinsa ya ba ta izinin zuwa Sunkani jana'izar gwaggonta. Makullin ɗakin kuma biyu ne a duniya, ɗaya a jakarta, ɗaya a aljihun mataimakinsa.

"Oga, ni gyara na so in yi," in ji Mista Peter a ƙarshe. "Na ofishin sama kala ɗinsa ya fi namu kyau, shi ne na aro disket ɗinsu. Da ya yi baƙi na rufe shi, na ce ƙila in ya kwana zai warke."

Malam Muttalib ya ɗauki hularsa. Muryarsa ba ta tashi ba. "Tabaran maƙwabcinka za ka sa don shi yana gani da su tar? Wannan kuskure ne, kowa na yi. Amma ka tsaya kana kallo matar nan tana buga takardar korarta da yatsunta. Wannan ba ni da faifan gyaransa."

"Useko, Malam, na gode," in ji Darakta, ya yage takardar gida huɗu. Iyakar abin da aka yi ke nan. Ba wanda ya ba Alisabatu haƙuri, wasiƙu uku ma aka ajiye mata ta buga kafin a tashi. Mista Peter kuwa an yi masa ƙarin girma a watan Janairu, kuma har gobe ana aron faifai a ginin nan.

Kai ne, Malam Muttalib, wanda ya gane cewa a bayan kowace na'ura akwai mutum zaune, kuma shi ya fi saurin karyewa. Kai ne ka yi mana faɗa har muryarka ta dushe, ba mu ji ba, washegari ka sake buga besfa ka dawo. Dattijo mai littafi, likitan marasa baki. Mun ɓata maka rai fiye da ƙima, mun sani, kunya ce kawai ta hana mu faɗa tun kana tsakaninmu. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai lafiya, ya sa a yi maka yadda ka yi wa mutane. Ku kuma da za ku gaji aikin, danna maɓalli ba shi da wuya, a mako ɗaya za ku iya. Zaman nan na awa ɗaya da rabi bayan an gama gyara, shi za ku koya.

Juma'ar da ta wuce aka yi masa ɗan taron sallama a inuwar mangwaron bayan ofis. Kiret ɗaya na lemo, mutum goma sha ɗaya. Manya duk sun aiko da uzuri. Da aka ce ko akwai mai magana, Alisabatu ta miƙe, ta daɗe tana murza bakin gyalenta.

"Ni ban iya dogon magana ba," ta ce. "Ranar nan na koma gida ƙarfe huɗu kamar kullum. Na dafa abinci kamar kullum, muka ci. Yarana har yau ba su san an taɓa rubuta mini wannan takarda ba. Shi ne abin da Baba ya yi mini."