Littafin da Na Sa Aka Hana

Shekarun baya, lokacin da ake ta buɗe firamare a ƙauyuka, aka turo ni Nasarawa Burkullu koyarwa. Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro lissafi. Aka ba ni aji uku.

Aji biyu kuwa wata malama ce ke riƙe da shi, Kirista daga Filato, ta girme ni sosai. Tana da wani littafi da ta rubuta da hannunta, ta yi masa zane-zane. Kullum da shi take buɗe darasin lissafi. Ta bango nake jiyo ta: kaza ta fita kiwo da 'ya'ya tara, shirwa ta sure biyu, saura nawa suka koma gida? Yara su kaure da ihu, wasu har suna jimamin kazar.

Abin ya riƙa ba ni haushi. A wurina lissafi alli ne da hadda da bulala. Na taɓa faɗa mata haka, ta ce, "Malam, yaro ba ya tsoron kaza, amma yana tsoron lamba."

Maimakon in saurare ta, sai na kai ƙara wajen hedimasta, na ce ajinta ya koma dandalin tatsuniya. Ya kira ta a gabana ya ce, "Malama, mai duba makarantu na tahe daga Gummi. Ki aje littahin ga, ki bi manhaja." Ba ta yi musu ba. Tun daga ranar ajinta ya yi tsit, sai amon hadda irin nawa.

Da shekara ta juyo, ɗalibanta suka shigo ajina. Wata rana na rubuta sha biyu a raba uku, na nuna wata yarinya, 'yar Fulanin da ke bayan gari. Ta miƙe tana ta kallon allo. Na ɗaga bulala. Sai ta ce, "Malam, sha biyun mi? Shanu ko awaki?"

Aji ya fashe da dariya. Cikin gatse na ce shanu. Nan take ta ce, "In Baffa na da shanu sha biyu, ɗiyanai ukku, kowa ya samu huɗu." Na ƙara mata wani mai wuya, ta mai da shi ƙwaryar nono ta amsa. Na tambayi wanda ya koya mata, ta ce Malama, tun kafin a daina labari.

Da aka fita tara na sami malamar zaune ita kaɗai. Na yi ta kame-kame, can na ce ko za ta ara mini littafin. Ta dube ni ta ce, "Yana cikin akwati. Ai an ce ba lissafi ba ne." Sannan ta ƙara da cewa, "Na san kai ne ka kai ƙarar. Ban riƙe ka ba."

Kalma biyu kawai ake buƙata daga bakina, amma girman kai ya hana. Na ce wa kaina gobe ma rana ce. Da aka dawo daga dogon hutu aka ce an yi wa mijinta canjin wurin aiki, sun koma gida.

Na yi shekara talatin ina koyar da lissafi da labari, iyaye suna yaba mini, ina amsa yabon. Na yi cigiyarta wurin 'yan garinsu da dama, ban dace ba. Yau ban san ko tana raye ba. Abin da na sani shi ne na rufe bakin malamar da ta fi ni sanin aiki, kuma har yanzu ban ce mata ta yi haƙuri ba.